Darasi na 14: Gyambon Ƙafa ga Mai Ciwon Sukari

Idan ka taka ƙaya, nan take za ka ɗage ƙafa, ka tsaya ka cire ta. Zafin da ka ji shi ne ya cece ka. To, ka ɗauka ga wani manomi a Ashige, cikin Ƙaramar Hukumar Lafiya ta Jihar Nasarawa. Ya wuni yana haƙar doya da tsakuwa a cikin takalminsa, bai ji komai ba, sai da yamma ya ga jini a tafin ƙafarsa. Haka yakan faru ga wanda ya daɗe da ciwon sukari.

Ga dalili. Idan sukari ya yi shekaru yana yawa a cikin jini, yakan lalata jijiyoyin da ke kai saƙon zafi daga ƙafa zuwa ƙwaƙwalwa. Da farko mutum yakan ji ƙafar tana zugi ko tana tsira kamar ana soka masa allura, daga baya sai ta mace. Haka kuma hanyoyin jini sukan tsuke, jini ya daina isa yatsu sosai, ga shi kuwa miki ba ya warkewa sai da jini. Fata takan bushe ta yi faso, ƙwayoyin cuta su sami ƙofar shiga. Ta haka ɗan bororon da sabon takalmi ya jawo yake zama gyambo mai ɗoyi. Idan ya ci har ƙashi, ko naman ya yi baƙi, wani lokaci ba makawa sai an yanke yatsa ko ƙafar. Ga manomi, wannan asarar sana'a ce da abincin iyali.

Tunda ƙafar ta daina ji, dole ido ya karɓi aikinta. A nan kai ɗalibi kake da amfani, domin ciwon yakan rage wa tsofaffi gani, kuma sunkuyawa takan yi musu wuya. Idan kakanka ko mahaifiyarka na da ciwon, ka duba musu ƙafa kowace rana: tafi, da dunduniya, da tsakanin yatsu. A wanke ta da sabulu da ruwan da ba shi da zafi, a tsane ta sarai, musamman tsakanin yatsu bayan alwala. A shafa mai a dunduniya, amma ban da tsakanin yatsu, don danshi a wurin yana ruɓar da fata. Kada su yi tafiya ba takalmi, ko da a tsakar gida ne, kuma a zazzage takalmi kafin a saka. Da hunturu kada su miƙa ƙafa kusa da wuta, domin za su iya ƙonewa ba su sani ba. Wani abin da yakan jawo nadama shi ne yanke kanta da reza a gida. Wannan aikin ma'aikacin lafiya ne.

Idan miki ya riga ya fito, kome ƙanƙantarsa, a je asibiti a ranar, kada a jira a ga ko zai bushe. Ana iya farawa da asibitin da ya fi kusa, idan abin ya fi ƙarfinsu su tura mutum babban asibiti a garin Lafiya. A can za a wanke mikin, a cire mataccen nama, a ɗaure shi da bandeji mai tsabta, a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta idan ya yi mugunya. Za a daidaita sukarin jini, sau da yawa da allurar insulin, wadda aka gano a Kanada a 1921. Mai shan taba sai ya daina. Sharaɗin da ya fi wa manomi wuya shi ne hana taka ƙafar har ta warke, ko da kuwa lokacin girbi ne. Barbaɗa toka ko garin magani a kai yana rufe mikin ne kawai, ciwon kuma yana ci ta ciki.

Tambayoyi

1. Me ya sa mai ciwon sukari yakan ji rauni bai sani ba?
2. Don me ba a shafa mai a tsakanin yatsu?
3. Yi amfani da waɗannan kalmomi cikin jimloli: faso, bororo, kanta, mugunya.