Cutar Gado Mai Zubar da Jini Cikin Kan Jarirai

Cikin jinin ɗan Adam akwai waɗansu sinadarai masu daskarar da shi in an ji rauni, likitoci sun ba kowanne lamba. Wanda aka haifa da ƙarancin na 8 ko na 9, jininsa ba ya tsayawa da wuri. Sunan wannan cuta himofiliya. Ƙarancin na 8 ya fi yawa, yakan sami kamar yaro ɗaya cikin maza 5,000.

Ta wajen uwa ake gadonta, maza kuwa ta fi kamawa. Uwa tana zaune lafiya lau, amma kowane ɗa namiji da ta haifa, ko ya gada ko ya tsira, rabi da rabi ne. Cutar ba ta barin gidan sarauta. Sarauniya Biktoriya ta Ingila ta gadar wa ɗanta Leopold, wanda ya faɗi a ƙasar Faransa cikin 1884, jini ya zuba cikin kansa, ya rasu.

Babban haɗari yana wajen haihuwa. In naƙuda ta yi tsawo, ko aka jawo yaro da ƙarfi, ƙananan jijiyoyin kansa sukan fashe, jini ya taru ya danne ƙwaƙwalwa. Alamunsa su ne ƙin mama, yawan barci, amai, kumburin maɗiga, da jijjiga. Mutane sukan ce iska ce ko mayu, a tsaya turare har lokaci ya ƙure. Maganinsa allurar sinadarin da ya rasa, a babban asibiti ake yinta. Jinkiri yakan jawo mutuwa ko naƙasa.

Saboda haka hakimai su gargaɗi dagatai da masu unguwa da abu uku:

1. Matar da ɗan'uwanta, ko kawunta, ko ɗanta ya taɓa zubar da jini mai wuyar tsayawa, ta gaya wa likita tun tana da ciki, ta kuma haihu a asibiti.

2. Kada wanzami ya cire wa jaririn irin wannan gida beli, ko ya yi masa tsaga ko kaciya, sai an gwada jininsa.

3. Jaririn da ya nuna alamun nan, a kai shi asibiti a ranar, ko da ba a san cutar cikin danginsa ba, gama takan fara haka kawai.

Malamai masu rubuta haihuwa da mutuwa su lura da gidan da jarirai maza ke rasuwa bi da bi, su sanar da ma'aikacin lafiya.