Bari Buƙatarka Ta Zaɓa Maka Masauki a Kano

Ɗan'uwa mai tasowa daga Ajekoriya ko Dakoro zuwa Kano, kuskuren da aka fi yi shi ne sauka duk inda aka ji akwai ɗan gari, ba a tambayi nisansa da abin da ya kawo mutum ba. Kano ba Maraɗi ba ce. Kasuwar Dawanau, inda ake cinikin wake, riɗi da gero, tana bakin gari kan hanyar Katsina. Kantin Kwari na atamfa da shadda yana Fagge. Asibitin Malam Aminu Kano kuma yana can hanyar Zariya. Wanda ya kawo wake ya sauka a Unguwa Uku zai ratsa birnin safe da yamma cikin cunkoso, kuɗin adaidaita sahu su cinye rangwamen da ya samu, ya iske dillalai sun gama ciniki.

Za a ce baƙo ya fi samun aminci wajen nasa. Gaskiya ne, zumunci kuwa ba abin yarwa ba ne. Amma aminci yana samuwa kusa da kasuwa ma, ta hannun fatoman da 'yan kasuwar garinku suka daɗe suna sauka wurinsa. Kafin ka bar gida, ka nemi lambarsa, ka kira ka ji kuɗin kwana, da batun ruwa, da inda ake ajiyar kaya. Ka yi ƙoƙarin isa da rana don ka ga unguwar da idonka, kada kuma ka biya kuɗin mako tun ba ka kwana ba. Ɗan'uwanka kuwa, ka kai masa ziyara da tsaraba bayan ka gama ciniki.