Makamashin Jin Ɗumi a Lokacin Hunturu: Wanne Ya Fi Araha, Wanne Ya Fi Haɗari?

Gabatarwa

Daga ƙarshen watan Nuwamba zuwa tsakiyar Fabrairu, busasshiyar iska takan taso daga hamadar Sahara ta game ƙasar Hausa da hazo da ɗari. A Kano da Katsina da Damagaram, ma'aunin zafi yakan sauka zuwa wajen digiri 13 da asuba, a tsaunin Jos kuwa wani lokaci yakan yi ƙasa da digiri 10. A wannan lokaci ne buƙatar wuta take ƙaruwa a kowane gida, domin ga dafa ruwan wanka da na alwala, ga kuma ɗumama ɗaki saboda tsofaffi da ƙananan yara. Kuɗin makamashi kuma ya zama babban nauyi, musamman tun da aka janye tallafin kananzir a Nijeriya a 2016, da na man fetur a watan Mayu na 2023, wanda ya ƙara tsadar jigilar itace da gawayi. Wannan darasi zai kwatanta makamashi iri biyar da aka fi amfani da su, wato itace da gawayi da kananzir da gas da lantarki, ta fuska uku: aljihu, da lafiya, da daji.

Dalilin da ya sa jiki yake neman ɗumi

Jikin ɗan Adam yana aiki daidai ne idan zafinsa na ciki yana wajen digiri 37. Akwai wani ɗan sashe a gindin ƙwaƙwalwa, ana kiransa haifotalamos, wanda shi ne mai gadin wannan ma'auni. Da zarar sanyi ya kama fata, sai ya umarci jijiyoyin jini na kusa da fata su tsuke don kada zafi ya tsere, sannan ya sa tsokoki su yi makyarkyata don su haifar da sabon zafi. Idan zafin ciki ya faɗi ƙasa da digiri 35, aikin zuciya da na ƙwaƙwalwa sai ya fara rikicewa.

Ba kowa ne yake da ƙarfin jure wannan daidai ba. Jariri yana da faɗin fata mai yawa idan aka gwada da nauyinsa, don haka zafi yana fita daga jikinsa da sauri, kuma bai iya makyarkyata sosai ba. Tsoho kuwa, tsukewar jijiyoyi tana ƙara masa hawan jini da wahalar zuciya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada zafin cikin gida ya kasa digiri 18 a lokacin sanyi. Ke nan neman ɗumi ba son jin daɗi ba ne kawai, lalura ce ta jiki.

Yadda ake auna ƙarfin makamashi

A kasuwa ana sayar da itace da ɗauri, gawayi da buhu ko leda, kananzir da lita, gas da kilo, lantarki kuma da yunit. Ba zai yiwu a kwatanta waɗannan ba sai an mai da su ga ma'auni guda. Masana kimiyya suna auna zafi da abin da ake kira megajul. Ga kimanin abin da ke cikin kowanne:

Busasshen itace, kilo 1: megajul 16.
Gawayi, kilo 1: megajul 29.
Kananzir, lita 1: megajul 35.
Gas na girki, kilo 1: megajul 46.
Lantarki, yunit 1: megajul 3.6.

Sai dai ba dukkan wannan zafi ne yake shiga tukunya ba. Murhun duwatsu uku yana isar da kimanin kashi 13 cikin ɗari ne kawai, sauran yana bin iska. Ingantaccen murhu mai kewayen yumɓu ko ƙarfe yakan ninka wannan. Kurfoti na gawayi yana isar da wajen kashi 25, risho wajen kashi 45, murhun gas wajen kashi 55, hita ta lantarki da ake tsomawa cikin ruwa kuwa wajen kashi 90. Waɗannan lambobi sukan ɗan motsa gwargwadon kyawun murhu da ƙarfin iska, amma sun isa a yi lissafi da su.

Lissafin ruwan wanka

A ɗauki bokiti mai lita 20. Don a ɗaga zafin ruwansa daga digiri 20 zuwa 45 ana buƙatar megajul 2.1, ko da an dafa shi gaba ɗaya ne, ko an tafasa kaɗan an sirka. A ce gida yana buƙatar bokiti 10 a kullum har kwana 60 na tsananin sanyi, ya zama bokiti 600 ke nan. Idan aka bi lambobin da suka gabata, ga abin da gidan zai ƙona:

Itace a murhun duwatsu uku: kilo 600.
Itace a ingantaccen murhu: kilo 300.
Gawayi: kilo 175.
Kananzir: lita 80.
Gas: kilo 50, wato tukunya huɗu mai kilo 12.5.
Lantarki: yunit 390.

Daga nan sai wata ƙa'ida mai sauƙi ta fito: kilo 1 na gas yana yin aikin kilo 12 na itace a murhun duwatsu uku, ko kilo 3.5 na gawayi, ko lita 1.6 ta kananzir, ko yunit 8 na lantarki. Farashi yana canzawa daga gari zuwa gari, daga wata zuwa wata, amma wannan ƙa'ida ba ta canzawa. Abin da ya rage ga magidanci shi ne ya kai ɗaurin itace guda da ledar gawayi guda a ɗora masa a sikeli, ya san ainihin nauyin abin da yake saye, sannan ya ninka da kuɗin yau. Idan kuɗin kilo 12 na itace ya zarce kuɗin kilo 1 na gas, to gas ya fi masa araha, ko da yake sayen tukunya da murhu yana buƙatar kuɗi a dunƙule tun farko.

Misali guda ya isa game da lantarki. A watan Afrilu na 2024, hukumar kula da harkar lantarki ta Nijeriya ta ɗaga kuɗin yunit zuwa Naira 225 ga unguwannin da ke rukunin farko, waɗanda aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a rana. A wannan farashi, yunit 390 ya kama Naira 87,750. Mai karamin rukuni zai biya ƙasa da haka, amma shi kuma ba shi da tabbacin samun wutar da asuba, lokacin da aka fi buƙatarta.

Lissafin ya kuma nuna abu biyu da ba a cika lura da su ba. Na farko, wanda yake sayen itace da ƙananan ɗauri a kullum yakan biya fiye da wanda ya saya a dunƙule kafin sanyi ya shigo. Na biyu, sauya murhu kaɗai yana iya rage rabin kuɗin itace ba tare da an sauya makamashi ba.

Ɗumama ɗaki

A nan lissafi yana juyawa. Idan aka ajiye kaskon garwashi a tsakar ɗaki, kusan dukkan zafinsa yana zama a cikin ɗakin. Hita mai ƙarfin wat 1,000 da aka kunna awa 5 tana cin yunit 5, wato megajul 18. Wannan zafi ana iya samunsa daga gawayi ɗan fiye da rabin kilo, ko rabin litar kananzir. Ta fuskar kuɗi, gawayi ne yakan zo a sahun gaba wajen sauƙi. Amma Hausawa sun ce araha ba ta ado, domin abin da ya sa zafin ya zauna a ɗaki shi ne ya sa gubar ma ta zauna.

Duk lokacin da gawayi yake ci a wurin da iska ba ta wadata ba, yana fitar da iskar kabon monokzayid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. A cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai sinadarin himogulobin, wanda aikinsa shi ne ɗauko oksijin daga huhu ya kai wa sassan jiki. Kabon monokzayid tana kama wannan sinadari da ƙarfin da ya ninka na oksijin fiye da sau 200, sai ta hana shi aikinsa. Ƙwaƙwalwa da zuciya su ne suke fara galabaita. Alamomin farko su ne ciwon kai da jiri da tashin zuciya da mutuwar jiki, waɗanda cikin sauƙi ake ɗauka zazzaɓi ne ko gajiya. Mai barci kuwa ba ya jin komai, daga barcin sai suma, daga suma sai ajali. Mace mai ciki tana cikin haɗari biyu, saboda jinin ɗan tayi ya fi nata riƙe wannan guba. Hayaƙin janareta da aka kunna a cikin gida ko a bakin taga yana kisa ta wannan hanya.

Idan mutanen ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai tare, kuma da kasko a ɗakin, kada a tsaya neman wani dalili. A buɗe ƙofa da tagogi, a fitar da kowa fili, a garzaya asibiti. A iskar waje jini yana ɗaukar awa huɗu zuwa biyar kafin ya sauke rabin gubar, amma da oksijin na asibiti lokacin yana raguwa zuwa wajen awa ɗaya da ɗan wani abu.

Itace kuma matsalarsa hayaƙi ce. Yana ɗauke da ƙananan ɓurɓushi da suke wucewa har can ƙasan huhu, su haddasa ciwon haƙarƙari ga yara, da tarin da ba ya jin magani ga matan da suka shekara a bakin murhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutane kimanin miliyan 3.2 a shekarar 2020. Ƙurar hunturu da ma ta riga ta busar da hanci da maƙogwaro, hayaƙi kuma sai ya ƙara a kai.

Sauran ukun ma kowanne da nasa. Kananzir da aka gauraya da fetur yakan fashe a risho ko a fitila. Gas ya fi iska nauyi, idan ya yi yoyo yakan kwanta a ƙasa yana jiran ƙyastu. Hitar da aka manta a bokitin roba, aka ɗauke wuta aka dawo da ita cikin dare, tana daga cikin sanannun musabbaban gobara a wannan yanayi da komai ya bushe.

Kuɗin da daji yake biya

Akwai wani farashi da ba a rubuta shi a kasuwa. A hanyar gargajiya ta binne itace da ƙasa, ana ƙona kilo 5 zuwa 10 na itace kafin a sami kilo 1 na gawayi. Ko da an ɗauki kilo 6, gawayin nan kilo 175 na lissafin baya ya cinye itace fiye da kilo 1,000, wato ya zarce abin da murhun duwatsu uku ya ci, ya kuma ninka na ingantaccen murhu fiye da sau uku. Masu gawayi kuma sun fi son itatuwa masu tauri irin su ƙirya da marke, waɗanda suke shekaru masu yawa kafin su girma. Idan aka kai ga sare kaɗanya da ɗorawa, an haɗa da man kaɗe da kalwa da ke ciyar da iyalai. Inda itatuwa suka ƙare kuma aka koma ƙona kara da kashin shanu, gona ce take asarar takinta.

Amma wannan ba ciwon da ba shi da magani ba ne. Tun daga shekarun 1980, manoman jihohin Maraɗi da Damagaram a Nijar suka rungumi dabarar barin tohon kututture a gona, suna zaɓar rassa masu ƙarfi suna sassabe sauran. An ƙiyasta cewa ta haka itatuwa wajen miliyan 200 suka dawo a fili mai faɗin kadada miliyan 5, gawo yana cikin manyansu. Rassan da ake sassabewa su ne itacen girki, bishiyar kuma tana nan tsaye.

Shawarwari kafin sanyi ya kankama

Na ɗaya, a tanadi itace da wuri a bar shi ya bushe. Ɗanyen itace kusan rabinsa ruwa ne, kuma kowane kilo na ruwan yana cinye fiye da megajul 2 kafin ya ƙafe, ga yawan hayaƙi. Na biyu, a kewaye murhu daga iska, a riƙa rufe tukunya. Na uku, a ajiye ruwa a baƙar jarka cikin rana tun hantsi, domin ruwan wankan yamma ya rage cin wuta. Na huɗu, a toshe kafofin da iska take shigowa, a sa labule mai kauri da shimfiɗa a ƙasa. Ɗakin ƙasa mai rufin azara yana tara zafin rana ya sake shi da dare, shi kuwa ɗakin bulo mai kwano ba sili yana zubar da zafinsa da wuri. Na biyar, a tuna cewa ɗumama jiki ya fi ɗumama ɗaki sauƙi: bargo da rigar sanyi da safa da hular jariri sau ɗaya ake sayensu, su yi shekaru. Na shida, wanda ba makawa sai ya shigar da kasko, to ya hura shi a waje, ya bar taga a buɗe, ya kuma fitar da shi kafin kowa ya kwanta.

Kammalawa

Babu makamashi guda da ya fi sauran ta kowace fuska. Don dafa ruwa a birni, gas ne ya fi tsabta, kuma ƙa'idar kilo 1 a madadin kilo 12 za ta nuna wa mai lissafi ko ya fi araha a garinsa. A karkara inda itace yake kusa, busasshen itace a ingantaccen murhu ya fi gawayi sauƙi ga aljihu da daji. Don ɗumama ɗakin kwana kuwa, tufafi masu kauri su ne na farko, hita ta biyo baya inda akwai wuta, garwashi ya zo a ƙarshe. Ɗalibi zai iya jarraba wannan darasi a gida: ya auna itacen da ake ci a mako guda, ya kewaye murhu da tubali, ya sake aunawa a mako na biyu, sannan ya nuna wa mahaifinsa bambancin.