Yadda Ake Sa wa Ɗaukewar Numfashi Cikin Barci Lamba a Asibitocin Amurka

A Amurka, kamfanin inshora ba ya biyan kuɗin magani sai ya ga lambar cutar a takarda. Tun ranar 1 ga Oktoba, 2015, kundin ICD-10-CM ake bi, wanda aka gina a kan na Hukumar Lafiya ta Duniya. Ɗaukewar numfashi cikin barci na ƙarƙashin rukunin G47.3.

Aikin yana farawa ne tun majiyyaci bai san sunan ciwonsa ba. Ya zo da ƙorafin munshari da gyangyaɗin rana, likita ya rubuta cewa yana zargin cutar. Ma'aikacin da ke sa lamba ba shi da ikon mayar da zargi tabbas. Ga wanda ba a kwantar ba, alamar da aka gani kawai zai sa wa lamba, misali R06.83 ta munshari.

Daga nan sai gwajin barci. Ana manna wa mutum wayoyi ya kwana, na'ura tana ƙirga sau nawa numfashinsa ya tsaya ko ya ragu na daƙiƙa 10 ko fiye, a kowace awa. Daga 5 zuwa 14 mai sauƙi ne, 15 zuwa 29 matsakaici, 30 zuwa sama mai tsanani. Gwajin ma yana da tasa lambar a kundin CPT: 95810, ko 95811 idan an daidaita na'urar taimaka wa numfashi ta CPAP a daren.

Yanzu ma'aikacin zai koma ga rubutun likita. Idan maƙogwaro ne ke toshewa, G47.33 ce, ko babba ko yaro, kuma lambar ba ta bambanta mai sauƙi da mai tsanani. Idan ƙwaƙwalwa ce ke daina aika umarnin numfashi ba tare da wata cuta ta jawo ba, G47.31. Idan likita bai fayyace nau'in ba, tilas a sa G47.30, kuma a nan ne ma'aikaci nagari ke tura masa tambaya a rubuce maimakon ya yi hasashe.

Wannan tambayar ta cancanci wahalarta. Shirin inshorar lafiya na gwamnati, Medicare, na biyan kuɗin CPAP, mai lamba E0601, idan ƙidayar gwajin barci ta kai 15, ko kuma tana tsakanin 5 da 14 amma an rubuta wata matsala kamar hawan jini ko yawan barcin rana. In lambar da rubutun likita ba su dace da juna ba, takardar na iya dawowa ba a biya ba, majiyyaci ya ci gaba da kwana ba na'ura har a gyara a sake aikawa.