Yadda Ake Amsa Tambaya Daga Rumbun Bayanai Ba Tare Da An Tona Asirin Kowa Ba

A 1997 wata ɗaliba a jami'ar MIT, Latanya Sweeney, ta sayi rajistar masu zaɓe ta garin Cambridge kan dala 20, ta jera ta da bayanan asibiti da aka goge wa sunaye. Da ranar haihuwa da jinsi da lambar gidan waya kaɗai ta zaƙulo takardun jinyar gwamnan Massachusetts, William Weld. Ashe goge suna bai isa ba. A wajen ba da amsa ya kamata a kafa tsaro, kuma ga yadda ake yi.

Mu ɗauka wani mai bincike ya tambayi rumbun bayanai, cikin yaren SQL: mutum nawa ne masu ciwon suga a gari kaza? Da farko manhajar rumbun za ta zaɓi hanya mafi sauƙi. Maimakon ta bi layi miliyan ɗaya bayan ɗaya, sai ta duba fihirisa, ta nufi layukan garin kai tsaye. Wannan dabara ta auna wahalar kowace hanya kafin a kama ta, Patricia Selinger da abokan aikinta na IBM ne suka shimfiɗa ta a 1979. Nan da nan lissafi ya fito: 412, a misali.

To, wannan adadin ba a miƙa shi yadda yake. Dalili kuwa, mai mugun nufi zai iya sake tambayar, ya ce a cire tsohuwa ɗaya tilo mai shekara 90 da ke garin. In aka ce masa 411, shi ke nan, ya san ciwon baiwar Allah ba tare da ya ga sunanta ba.

Don haka sai a auna: in an cire mutum ɗaya, da nawa amsar za ta canja? A ƙidaya, da ɗaya ne tak. Daga nan kwamfuta ta jefa ƙuri'a bisa tsarin lissafin Laplace, ta fito da ɗan adadi na ƙari ko ragi, a sirka amsar da shi. Mai tambaya ya ga 415 ko 410. Bincikensa bai ɓaci ba, tsohuwa kuma asirinta a rufe. Cynthia Dwork da Frank McSherry da Kobbi Nissim da Adam Smith ne suka tsara hanyar a 2006.

Yawan sirkin yana hannun wani ma'auni da ake kira efsilon: in ya yi ƙanƙanta, sirki ya yi yawa, sirri ya ƙara kauri. Kowace tambaya kuma tana cin wani abu daga kason efsilon da aka ware, domin wanda ya yi ta maimaita tambaya zai iya haɗa amsoshin ya tace gaskiya. Kaso ya ƙare, a rufe ƙofa. A ganina nan ne amanar take, kuma nan ne aka fi sakaci.

Saura gyaran fuska: a mayar da adadin da ya faɗi ƙasa da sifili zuwa sifili, a cire gutsattsarin lamba.

Hukumar Ƙidaya ta Amurka ta bi wannan tafarki a ƙidayar 2020, ta bar jimillar kowace jiha ba sirki. Amma ƙarin mutum uku da ba ya girgiza birni yana iya karkatar da lissafin ƙauye mai mutum talatin, har jihar Alabama ta kai hukumar kotu a 2021.