Rigar da Hannatu ta Ɗinka

Karatu: 1 Sama'ila 1:21-28, 2:12-21

Sa'ad da dogon hutu ya zo da damina, ikilisiyoyi da yawa sukan kira yara zuwa sansani na 'yan kwanaki. Al'adar ta daɗe. William Smith ya kafa ƙungiyar Boys' Brigade a birnin Gilasgo a 1883, a 1886 kuwa ya fita da samarinsa zuwa sansaninsu na fari. Amma iyaye na ƙasarmu ba su manta da 'yan mata 276 da aka sace daga makaranta a Cibok a 2014 ba, ko kuwa yadda annobar korona ta rufe makarantu a 2020. Uwar da ta yi jinkirin ɗaure wa ɗanta kaya, kada mu ce ba ta da bangaskiya.

Mu dubi Hannatu. Zamaninta ma ba na kwanciyar rai ba ne: babu sarki a Isra'ila, Filistiyawa suna kusa. Ko a Shilo, inda za ta bar Sama'ila, 'ya'yan Eli, wato Hofni da Finehas, suna ƙwace naman hadaya da cokali mai yatsa uku. Eli ya ji labari, ya yi musu magana, amma bai hana su ba (3:13). Ashe sunan wuri mai tsarki ba ya isa ya tsare yaro.

Hannatu ba ta yi garaje ba. Elkana ya haura zuwa hadayar shekara, ita kuwa ta zauna a gida har ta yaye yaron. Da lokaci ya yi, ita da kanta ta kai shi hannun Eli, ta faɗa masa ko ita wace ce. Ba ta aika shi ta hannun maƙwabta ba.

Yanzu ku lura da 2:19. Kowace shekara takan ɗinka masa 'yar riga ta kai masa. Mai ɗinki ya san wuyar wannan aiki, gama yaro ba ya tsayawa inda aka bar shi. Dole ta riƙa auna shi a zuciyarta: kafaɗa ta ƙara faɗi, hannu ya ƙara tsawo. Ta ba da shi ga Ubangiji, duk da haka allura ba ta bar hannunta ba. Waɗansu iyaye fa, da zarar mota ta tashi, sai su ɗauka aikinsu ya koma wuyan fasto. Yusufu da Maryamu ma sun yi tafiyar yini guda suna tsammani Yesu yana cikin ayari (Luka 2:44).

Akwai bambanci ɗaya. Wa'adi ne ya ɗaure Hannatu, mu kuwa ba a ɗaure muke ba. Saboda haka ba laifi uba ya tambayi shugabannin sansani wanda zai kwana tare da yaran, da hanyar da za a bi, da inda za a kai wanda zazzaɓi ya kama. Idan amsa ba ta gamsar ba, yaro ya zauna gida bana.

Don tattaunawa: Wa ya kamata ya bincika masu lura da yara a ikilisiyarku? Sa'ad da ɗanku ya komo, me za ku tambaye shi ban da abin da ya ci?