Me Ya Sa Ruwan Randa Yake da Sanyi?

Baure gari ne a ƙasar Daura, cikin Jihar Katsina. Ƙasarsa ta yi iyaka da Jamhuriyar Nijar, ta kuma yi iyaka da Jihar Jigawa. Yawancin mutanen wurin manoma ne, suna noma gero da dawa da wake da gyaɗa. Da bazara rana takan yi zafi ƙwarai, har rairayi ya gagari takawa ba takalmi. Amma duk da wannan zafi, in baƙo ya sauka aka ɗebo masa ruwa daga randa, sai ya ji shi da sanyi.

Kowane yaro ya san haka, amma kaɗan ne suke tsayawa su ce, "Me ya sa?" Wani yana jin kunya, wani yana tsoron kada 'yan'uwansa su yi masa dariya. Hausawa kuwa sun ce matambayi ba ya ɓata. Saboda haka malamin kirki ba ya tsawata wa yaro don ya yi tambaya. Ba ya kuma gaggawar ba shi amsa. Sai ya ce, "Madalla da wannan tambaya. Ku zo mu gwada mu gani."

Ga yadda ake gwadawa. A sami tulu da bokitin ƙarfe, a cika su da ruwan rijiya ɗaya, a ajiye su a inuwa inda iska ke kaɗawa. Bayan sa'a uku ko huɗu yara su taɓa ruwan. Za su ji na tulu ya fi sanyi. In suka shafa bayan tulun za su ji danshi, bayan bokiti kuwa a bushe yake. Daga nan malam ya sa kowa ya jiƙa bayan hannunsa ya hura. Nan da nan sai wurin ya yi sanyi.

Dalili shi ne, jikin tulu yana da ƙananan ƙofofi waɗanda ido ba ya gani. Ruwa yana tsattsafowa ta cikinsu kaɗan kaɗan. In iska ta buge shi sai ya bushe ya bi iska, yana tafiya kuwa da zafin da ke cikin tulun. Ƙarfe ba shi da irin waɗannan ƙofofi, shi ya sa ruwan bokiti ba ya sanyi. Haka gumi yake sanyaya jikin mutum. Da damina iska tana ɗauke da laima, ba ta shan ruwa sosai, don haka randa ta fi aiki da rani. Yaron da ya gwada wannan da hannunsa ba zai manta ba, gama gani ya kori ji.

Akwai wani malami a Jihar Jigawa, maƙwabciyar Baure, wanda ya bi wannan tambaya har ta amfani dubban mutane. Sunansa Muhammad Bah Abba. An haife shi a 1964 a gidan maginan tukwane, tun yana yaro ya san yumɓu. Da ya girma ya yi ilmi, har ya zama malami a wata kwaleji a Dutse. Ya lura manoman ƙauye suna hasara, domin ba su da wutar lantarki, balle firiji. In suka tsinko tumatir ko tattasai, tilas su sayar da araha, in ba haka ba ya ruɓe. 'Yan mata da yawa kuma ba su zuwa makaranta, kullum suna yawon talla don kada kaya su lalace.

Sai ya yi tunani, tun da tukunya tana sanyaya ruwa, me zai hana ta sanyaya kayan lambu? Cikin shekarun 1990 ya yi ta gwaji. Ya sami tukwane biyu, babba da ƙarama. Ya sa ƙaramar cikin babbar, ya cika tsakaninsu da yashi, ya jiƙa yashin. Sa'an nan ya zuba kayan lambu cikin ƙaramar, ya rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Ruwan yashi yana bushewa ta jikin babbar tukunya, cikin ƙaramar kuwa yana sanyi. Gautan da kan lalace cikin kwana 3 sai ya kai kwana 27. Tumatir da tattasai suka kai mako uku.

Bai ɓoye dabararsa ba. Ya sa magina suka gina tukwane dubbai, aka rarraba a ƙauyuka. A shekarar 2000 kamfanin Rolex na ƙasar Suwizalan ya ba shi kyautar dala 75,000, ya kuwa yi amfani da ita wajen yaɗa aikin. Ya rasu a 2010, amma dabarar ta kai ƙasashe da dama.

Abin lura a nan shi ne, bai yi aiki da kome ba sai yumɓu da yashi da ruwa, waɗanda ke akwai a kowane ƙauye na ƙasar Daura. Abin da ya ƙara shi ne lura, da tambaya, da haƙurin gwaji. Yaron da ya saba da waɗannan uku tun yana firamare, malaminsa kuma ya ƙarfafa masa gwiwa, shi ne zai amfani garinsu in ya girma. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Tambayoyi

1. Ta ina ruwa ke fita daga jikin tulu?
2. Don me randa ta fi sanyaya ruwa da rani?
3. Wace hasara ce Malam Bah Abba ya ga manoma suna yi?

Aiki

(a) Ku haɗa tukunya cikin tukunya a makaranta. Ku sa tumatir biyar ciki, biyar a faifai. Ku riƙa jiƙa yashin safe da yamma, kuna rubuta abin da kuka gani kowace rana.
(b) Kowa ya rubuto tambaya ɗaya a kan wani abu da yake gani kullum a gida ko a gona, ya kawo aji gobe.